Hotunan Suna Wurinki, Muryoyin Suna Wurinsa

Da sunan Allah, wanda ban cika kiran sunansa ba sai na ji wuya, kuma bai taɓa yi min gori ba.

Ni ne Shehmus ɗan Hazal, wanda allunan silima suka sani da Tayfun. Ina rubuta wannan a ɗakina da ke hawa na shida a bayan birnin Stockholm, cikin watan Nuwamba na 1998, da hannuna kuma cikin hankalina. Likita ta ce huhuna ya gama aikinsa amma kaina garau yake. Na sa ta rubuta hakan a takarda, tana cikin aljihun tebur, don kada gobe wani ya ce magani ne ya sa ni sambatu. Da Turkanci nake rubutawa, harshen waɗanda suka ɗaure ni, domin shi kaɗai aka koya min rubutawa. Kurdancina a baki ya tsaya.

Zuwa ga ɗana Zinar da 'yata Rewshan. Shekara goma sha bakwai ke nan ba ku ce wa juna uffan ba. Duk abin da zan lissafa a ƙasa, a kan wannan yake, ko da kun ga na bi ta wata hanya.

Na ɗaya. A binne ni a nan, kusa da mahaifiyarku Perihan. Kada wanda ya ɓata ƙafarsa a ofisoshi yana roƙon a mai da gawata gida. Ƙasar da ta soke min takardar zama ɗanta ina raye, ba zan je mata a akwati ina neman alfarma ba. Ƙauyenmu ma da za a kai ni babu shi, shekara biyar ke nan da aka tashe shi. 'Yan ƙungiyarmu ta nan za su so su lulluɓe ni da tuta su yi jawabai. Rewshan, ki bar su su yi biyu, gajeru. Idan na uku ya miƙe, ki ce marigayi ya ce shayi yana hucewa.

Na biyu. Kayan da na bari ba su kai a yi rigima a kansu ba. Littattafai naki ne, Rewshan, ke ce mai karanta su. Gwangwanin tabana na azurfa, wanda na gada wurin ubana, na Zinar ne, amma kada ya zuba taba a ciki, ga ni nan ishara. Baƙar kwat ɗin da na sa a fina-finai uku har samarin Adana suka riƙa ɗinka irinta, a ba duk wanda ya sauka a garin nan babu rigar sanyi. Kada a rataye ta a bango ana nunawa. Kwat ce.

Na uku. Ɗan gunkin tagullar nan da aka ba ni na gwarzon jarumi, wanda nake tokare taga da shi, a kai wa Fikret Bey a Istanbul. Rewshan, na san za ki ɓata rai, don kin taso kina jin ina kiransa ɓarawon maƙogwarona. To ki saurara.

A zamaninmu ba a ɗaukar murya a wurin ɗaukar hoto. Mu yi ta motsa baki a gaban kyamara, daga baya a shiga ɗaki a ɗora magana. Ranar da na fara buɗe baki a ɗakin ɗora murya, mai kamfanin ya toshe kunnensa ya ce, "Fuskar nan za ta sayar da tikiti, amma bakin nan warin awaki yake yi. A nemo masa murya." Aka nemo Fikret, ɗan birni, gajere, mai sanƙo, da murya kamar an shafa mata man shanu. Fim arba'in da ɗaya na yi, babu muryata ko a ɗaya. Sunana ma a ranar aka canja shi. Da na ɗauko kakarku Hazal daga ƙauye na kai ta silima a Diyarbakir don ta ga ɗanta a allo, ta yi minti biyar tana kallo, sai ta damƙe min hannu ta ce da ƙarfi, har na layin gaba suka waiwayo, "Shehmus, hancin nan naka ne, na san aikina. Amma wane aljani ne ya shige ka? Tashi mu je wurin shehi tun bai zauna ba."

Na daɗe ina jin haushin Fikret, shi kuwa ko a jikinsa. Ya kan ce, "Kai mata ke aiko wa wasiƙa, alhali ni na faɗa musu kalaman. Ka riƙa ba ni ko da ambulan ne in shinshina." Ba shi ya kafa dokar ba, abincinsa yake nema. Kuma ranar da aka kama ni, cikin duk waɗanda suka sha giyata a Istanbul, shi kaɗai ya taka gidanmu da rana tsaka kowa yana gani. Rabin gunkin nasa ne tun asali, ɗaya rabin kuma na bar masa. Akwai wani dalilin ma, yana tafe.

Na huɗu. Gwangwanaye tara da ke ƙarƙashin gadona. Kin san fim ne, Rewshan, kin sha share ƙurarsu, amma ban taɓa ba ki labarinsu daga farko ba, sai guntayen da suka dace da jawabi.

A kakar 1979 na tattara abin da na samu na koma ƙauye don in yi fim nawa na kaina, ba tare da jarumi ko ɗaya ba. Mutanenmu ne kawai, da tumakinsu, da hayaƙin tanderu, da jiran dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Dabarata mai sauƙi ce, har ina yaba wa kaina. Labarin da na kai wa masu tace fim a rubuce, da Turkanci yake. A ƙauye kuwa na ce kowa ya yi maganarsa yadda ya saba, tunda kyamara kurma ce. A Istanbul za a ɗora Turkanci a kai, hukuma ta sa hannu. Amma a cikin wani buhun alkama da nake jingina da shi akwai ƙaramin rikoda yana juyawa. Kaset goma sha ɗaya na cika. Na ce wata rana, ko bayan raina ne, za a cire muryar aro a mai da wa kowa tasa.

Kuskure ɗaya na yi. Akwai wurin da kakarku take tsugune a bakin tanderu, ta ciro gurasa ta miƙa wa baƙo, ta ce kalma ɗaya: "nan", wato gurasa da harshenmu. Mai ɗaukar hoto ya ce min, "Maigida, mu ɗauke ta daga gefe." Na ce a'a. Ina so fuskar uwata ta cika allo, kowane tsagin goshinta a gan shi tun daga kujerar ƙarshe. Ita kuwa tana ta mita, "Gurasa ta bakwai ke nan nake miƙa wa ƙaton nan, ko ci ba ya yi. Wannan ce sana'ar da ake ce kana yi?"

A ɗakin tacewa mutum biyar ne. Huɗu hamma suke yi. Da aka zo wurin nan, muryar wata 'yar Istanbul ta fito daga bakin uwata tana cewa "ekmek", gurasa da Turkanci. Sai na biyar ɗin, wani siririn jami'i, ya ɗaga hannu ya ce a mai da baya. Sau uku aka mayar. Sannan ya juyo ya ce min cikin ladabi, "Tayfun Bey, ka ce min ekmek ba tare da ka haɗa leɓɓanka ba, in gani." Leɓɓan uwata ba su haɗu ba. A faɗin allon nan, kowa ya gani.

Da muka fito baranda ya tsaya kusa da ni yana kunna taba, bai dube ni ba, ya ce a hankali, "Tawa ma haka take faɗa." Namu ne. Baturke zai kalli fim ɗin nan sau ɗari bai ga komai ba. Sai da aka sami ɗan gida. Na yi shekaru ina tsine masa, yanzu na gaji. Wataƙila tsoro ya ji kada wani ya gano daga baya a ce shi ya rufe. Idan kun taɓa jin sunansa, kada ku bi 'ya'yansa da shi.

Suka kawo mai karanta leɓe ya bi fim ɗin kaf, ya rubuta shafi sittin. Aka ce ina shirin raba ƙasa. Kafin a gama shari'a soja suka karɓi mulki, shekara biyu da lauya ya yi min alkawari ta koma goma sha biyu, na yi biyar a ciki kafin ciwo ya sa su sake ni na ɗan lokaci, muka tsallake iyaka da ke da mahaifiyarki. Kwafin da ke hannunsu sun ƙone shi. Ainihin naɗin kuwa wani direban babbar mota ya fito da shi ƙarƙashin buhunan busasshen ɓaure. Su ne gwangwanayen nan. Naki ne, Rewshan. Amma bebaye ne. Mutum sittin da wani abu suna ta motsa baki, fiye da rabinsu sun mutu, kakarku a cikinsu.

'Yan ƙungiya sun daɗe suna matsa min a tara matasan nan su ɗora masa sabon Kurdanci a nuna shi a bukin sabuwar shekara. Za su zo miki da maganar tun ba a share makoki ba. Ban yarda ba. An taɓa sa wa uwata muryar aro sau ɗaya, ya isa.

Na biyar. Wannan ne na yi ta kewaye-kewaye don kada in iso shi.

Rewshan, abin da kika sani shi ne, a 1981 yayanki, yana shekara goma sha tara a makarantar horon malamai, ya sa hannu a takarda cewa ba shi ba ni, ya bar sunan gidanmu, aka buga a jarida. Kina da shekara goma sha biyu. Kin yanke shafin kin ajiye, na san yana nan cikin littafinki har yau.

Ni na sa shi.

Ki tuna ranar ziyara ta farko a kurkuku bayan juyin mulki. Ragar waya biyu a tsakaninmu, soja a bayana, soja a bayanku, minti biyar, kuma ba a yarda a yi wani harshe ba sai Turkanci. Shi ya sa kakarku ta tsaya kawai tana kallona, ba ta da kalmar da za ta ba ni. Ke kina kuka kina ba ni labarin kyanwarki. A lokacin kasa-kasan nan suna gidanmu cikin akwatin Zinar, kuma na san za a dawo bincike, a farfasa har katifa. Gidan ɗan fursuna ake bincikewa. Ɗakin yaron da ya tsine wa ubansa a jarida, ba mai ɓata lokaci a kansa. Zinar tun yana ƙarami yake bina ɗakin ɗora murya, ya iya karanta leɓe fiye da wanda hukuma ta ɗauko haya. Sai na ce da ƙarfi, da Turkanci, "Yaya karatu?" Sannan na motsa bakina ba sauti, da harshenmu: ka sa hannu, ka tsine min, ka ɗauke kakarka ka tafi da ita. Ya gane wace kakar nake nufi. Ya girgiza kai. Na maimaita. Ya ce da ƙarfi, "Karatu da wuya, Baba." Na ce, "Haka za ka daure." Aka busa usur.

Bayan sati uku ya sa hannu. Ya kwashe kayansa ya bar gidan, ke kina jifansa da takalmi a matakala kina ce masa kare. Bai waiwayo ba, don akwatin yana kafaɗarsa.

Da fari ban faɗa muku ba saboda tsaro, wannan gaskiya ne. Ana buɗe wasiƙu, ke kuma yarinya ce mai zafin baki, irin nawa. Amma wannan uzurin ya ƙare tun shekara goma da suka wuce, kuma tunda na ce zan yi adalci, bari in yi wa kaina. Da muka iso nan ba ni da kyamara, ba ni da ƙasa, ba mai sanina a titi. Abin da ya rage min shi ne labarina. A kowane taro sai an gabatar da ni: ga mutumin da ya rasa komai, har ɗansa na cikinsa ya guje shi. Mata su share hawaye, ni kuma in sunkuyar da kai yadda na iya. Jarumi ne ni, na san inda haske yake faɗowa. Ban taɓa faɗin ƙaryar da bakina ba, amma ban taɓa gyara ta ba, kuma na ji daɗinta. Sannan ga ki, kina dafa min, kina raka ni asibiti, kina cewa, "Ni ba zan bar ka ba, Baba, ni ba shi ba ce." Na ji tsoron idan kika sani za ki dube ni yadda kike duban hotonsa.

Mahaifiyarku ta gane da kanta, ban san yaushe ba. Wata rana tana yanka albasa ta ce min, ba ta ko ɗago ba, "Shehmus, yaron da ko ƙwai ba ya iya sata a gidan nan bai faɗa min ba, shi ne zai tsine wa ubansa don kansa? Ka ci gaba da wasanka, amma ni ba 'yar kallo ba ce." Ta ce in faɗa miki. Na ce sai an sami lokaci. Ta rasu ba a samu ba. Da wasiƙar ta'aziyyar Zinar ta iso, kika rubuta a bayanta a mai da wa mai ita, ba ki buɗe ba. Ina zaune a kujerar nan ina kallonki kina lasar kan sarki. Kurkuku bai sa na ji kunyar kaina ba, ranar nan ta sa.

Zinar kuwa bai taɓa kare kansa ba ko sau ɗaya. Yana koyar da lissafi a wani gari a bakin Baƙin Teku, da sunan da ba nasa ba, cikin mutanen da ke yaba masa don ya rabu da maci amana. Yana da 'ya'ya biyu da ban taɓa gani ba. Duk sabuwar shekara Fikret Bey yana aiko min da kati mai layi ɗaya: "Muryarka tana nan lafiya." Masu buɗe wasiƙa suna zaton kansa yake nufi, tsohon ɗan wasa yana zolayar abokinsa. Saƙon Zinar ne. Kati goma sha uku, suna cikin aljihun tebur tare da takardar likita. Ki ƙirga su da kanki.

Na shida. Kasa-kasan na Zinar ne. Ba gado ba ne, da shekarunsa ya saye su. Ba wanda zai karɓe su daga hannunsa, ko ƙungiya, ko jami'a, ko ke. Hotunan naki ne, shi ma ba shi da iko da su. Ban yi haka don in ɗaure ku ba, haka abin ya faɗo, amma ba zan yi ƙaryar cewa ban ji daɗin yadda ya faɗo ba. Idan za a haɗa su, ku biyu za ku zauna a gaban na'ura. Ke kin koyi aikin yanka fim da haɗawa a makaranta a nan, shi kuma shi kaɗai ya rage da zai dubi bakin tsohuwa ya ce ga kalmar da ta dace da shi. Ku yi sauri, kaset ba ya jiran mutum, yana cin kansa a ajiye. Idan kuma kun buɗe kun tarar duk sun lalace, kada ku yi baƙin ciki fiye da kwana ɗaya. Da a ce za a mai da ni bakin ragar wayar nan ta kurkuku a yau, da na ce masa ya zuba su a teku ya zauna da ƙanwarsa. Fim ne. Na ba shi girman da ya fi na ɗana, kuma ban ga abin da ya saya min ba.

Zinar, ban san yadda ake neman gafarar abu irin wannan ba. A fina-finai Fikret ne ke faɗin irin waɗannan kalaman, ni nawa in juya fuska. Na ɗora maka kayan da ni kaina ban iya ɗauka ba, kuma ka ɗauka ba ka tambayi ranar saukewa ba. Ka sauke yau. Ka faɗa wa 'ya'yanka sunan kakansu idan ka ga ba zai cuce su ba. Idan zai cuce su, ka bari, na yafe wannan tun yanzu. Kada ka riƙe ƙanwarka da abin da ta yi, da abin da aka ba ta ta yi aiki.

Rewshan, fushin da za ki yi, ki yi shi da ni, na cancanta, kuma ba zan kasance nan in yi miki gardama ba, wanda na san zai ƙara ba ki haushi. Kada ki je kabarina sai kin huce, ko da shekara ce. Amma kada ki juya fushin a kan kanki. Yarinya ce ke mai shekara goma sha biyu da ta tsaya wa ubanta, ba abin kunya a ciki.

Allah ya yi muku albarka ku biyu. Ya ba ku tsufa a inda ba mai tambayarku takarda. Ya sa 'ya'yanku su san juna tun suna ƙanana, su yi faɗa a kan abin banza su shirya kafin a sauke tukunya. Ku kaɗai kuka rage daga gidan Hazal, kada ku bari a sake raba ku, ko hukuma ce, ko ƙungiya, ko wani tsoho mai son a tausaya masa.

Takardar nan guda ɗaya ce, ban yi mata kwafi ba, kuma ban yarda a sa ta a gidan waya ba. Zinar ba ya iya fitowa daga ƙasar. Ke kina da fasfon ƙasar nan, kuma ba a neman ki da komai. Idan kika ga dama kika sa ta a murhu, ba wanda zai sani, yayanki zai ci gaba da zama yadda yake har ya mutu. Na bar wannan a hannunki, don na riga na yi muku zaɓi sau ɗaya kun ga yadda ya ƙare.

Zinar, idan idonka ya kai wannan layin, to ƙanwarka tana cikin ɗakinka, ta yi tafiya mai nisa, kuma na san ta, ba ta ci komai a hanya ba. Ajiye takardar.

Mahaifinku,
Shehmus ɗan Hazal